Kafin ka sayi motar lantarki a garin da wuta ba ta zama

Tambaya: Salamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kano. Tsakanin gida, makarantar yara da ofis nakan yi kamar kilomita 50 a rana. Kuɗin fetur ya ishe ni, ina tunanin sayar da Corolla ɗina in sayi motar lantarki 'yar Kwatano. Wutarmu takan samu awa takwas zuwa goma, yawanci da dare. Za ta yi mini? Zan iya caji da janareta? Kuma za ta kai ni Kaduna ko Abuja?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ta yi maka, muddin inda motar ke kwana naka ne kuma kana da ikon ja masa wayarsa ta kansa. Wannan sharaɗin ya fi sunan motar da girman batirinta nauyi. Wanda motarsa ke kwana a bakin layi ko a gidan man unguwa ya haƙura tukuna, domin kusan duk cajin mai motar lantarki a gida yake yinsa, da dare, yana barci.

Mu fara da abin da take sha. Yunit ɗin da kake saya a mitar kati shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, kuma da shi ake auna batirin mota. Matsakaiciyar mota irin Hyundai Kona, Nissan Leaf ko BYD Atto 3 tana shan yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100 cikin gari, da esi a kunne. Mu ɗauki 17. Kilomita 50 ɗinka yunit 8 da rabi ke nan daga batir. Sai dai ba duk abin da mita ta ƙirga ke shiga batir ba. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na salwanta a zafin waya, da na'urar cajin da ke cikin motar, da sanyaya batirin. Don haka ka rubuta yunit 10 a rana.

Kebul ɗin da ke zuwa tare da mota, wanda ake sokawa a bango, yakan ja amp 10. A bolt 230 wannan kilowat 2.3 ne, wato kowace awa ɗaya ta caji tana ƙara maka kimanin kilomita 12. Tafiyarka ta yini za ta dawo cikin awa huɗu da rabi. Idan wutar ta zo da rauni, abin da ake cewa lo-karen, ta sauka zuwa bolt 180, kilowat 1.8 kawai za ka samu, sai ya zama awa biyar da rabi. Duka biyun suna cikin awa takwas ɗinka. Kuma ba lallai a samu wutar kowane dare ba. Batiri mai yunit 60 kamar tankin ruwa na saman gida yake, ana cika shi duk lokacin da aka kawo, a sha a hankali: idan ka cika shi, zai ɗauke ka kwana biyar zuwa shida na irin zirga-zirgarka ko da taransifomar unguwa ta ƙone. Mai yunit 24 ba shi da wannan sararin, kuma wannan ne ainihin dalilin neman babban batiri a nan, ba doguwar tafiya ba.

Wayarin ne inda mutane ke jawo wa kansu gobara, don haka zan daɗe a kansa. Soket ɗin bango an rubuta masa amp 13, amma don dutsen guga da butar shayi aka yi shi, masu jan wuta na 'yan mintoci su huta. Mota kuwa za ta ja amp 10 awa biyar ba ɗagawa. Duk inda sukurun waya ya yi sako-sako, ko ƙarfen cikin soket ya saki, nan zafi ke taruwa. Roba ta fara yin baƙi, ta narke, wata rana ta kama. Ka sa mai wayarin ya jawo layi na musamman tun daga akwatin raba wuta har inda motar ke tsayawa, da wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 2.5, da birekarsa ta amp 16, ba tare da an rataya masa firji ko famfon borehol ba. Soket ɗin nan shuɗi na masana'antu mai amp 16 ya fi na bango jure dogon aiki. Kada a yi amfani da soket mai doguwar waya da ake jan talabijin da shi, ballantana wanda ke naɗe a gammo. A kula da jabun waya kuma: akwai alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, akwai wadda kaurinta bai kai abin da aka rubuta ba. A kankare bakin wayar da wuƙa. In cikin ya fito fari, a mayar wa mai shago. Ranar farko, bayan minti talatin da fara caji, ka taɓa fulogin da soket ɗin. Ɗumi-ɗumi ba laifi. Idan hannu ba zai iya zama a kai ba, ka cire, akwai gyara.

Sai wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira atin. Gidaje da yawa ramin soket na uku hoto ne kawai, babu komai a bayansa. Yawancin kebul ɗin caji suna bincika atin kafin su saki wuta, in ba su same shi ba su kunna jar fitila su ƙi aiki. Wasu sukan sayi kebul mai maɓallin kashe wannan binciken. Kada ka yi. Jikin mota ƙarfe ne, yara na taɓa shi ba takalmi, wani lokaci ƙasa a jiƙe. A kafa sandar jan ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da rabi ko fiye, a auna ta da na'ura, kuma a sake aunawa da rani, domin busasshiyar ƙasa tana rage mata aiki. A layin kuma a sa RCD mai miliamp 30, na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurara ta jikin mutum ko ƙarfe.

Ɗauke wuta a tsakiyar caji ba ya yi wa batiri komai. Dawowarta da ƙarfi shi ne abin tsoro, musamman idan wayar niyutural ta tsinke a taransifoma, inda soket kan ga wutar da ta doshi bolt 400. Abin da zai ƙone shi ne na'urar cajin cikin motar, mai tsada ce kuma sai an yi odar ta. Maganinsa mai araha ne: ƙaramar na'urar da ake sawa a akwatin wuta, wadda ke yankewa idan wuta ta haura bolt 260 ko ta faɗi ƙasa da 170, ta jira minti biyu ko uku kafin ta mayar, tare da mai kare tartsatsin aradu. Ka kuma gwada abu ɗaya tun kafin ka biya kuɗin mota: a kashe bireka ana cikin caji, a kunna, a ga ko za ta ci gaba da kanta. Yawanci suna ci gaba. Wadda ba ta yi, za ka wayi gari batiri yana inda ka bar shi.

Akwatin caji na bango mai kilowat 7.4 yana jan amp 32, yana ƙara kusan kilomita 40 a awa. Amfaninsa a nan shi ne kwasar wuta da yawa a ɗan lokacin da aka kawo ta. Yana buƙatar waya milimita 6, ko 10 idan nisan ya wuce mita 25, da bireka amp 40, da RCD nau'in B, ko nau'in A idan akwatin na da nasa kariyar a ciki. Ka fara duba ƙarfin mitarka, domin amp 32 na mota da esi biyu da hita na iya sa ta riƙa yankewa. Kuma ba kowace mota ke karɓar 7.4 ba, tsofaffin Leaf da yawa kilowat 3.3 ne iyakarsu. A kilomita 50 a rana, ni ba na ganin kana buƙatarsa da farko.

Janareta kuwa na ranar larura ne. Ƙaramin janaretan fetur yakan ba da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu a lita. Kilomita 100 na buƙatar yunit 20 daga bango, wato lita 10 zuwa 13. Corolla ɗinka lita 8 zuwa 9 take sha a wannan nisan. Ka ga an ƙara kuɗin mai, an ƙara hayaƙi da ƙara. Ga shi yawancin ƙananan janareta niyutural ɗinsu ba a haɗe yake da atin ba, kebul ɗin ya ƙi karɓa sai ƙwararre ya haɗa.

Sola ta fi ma'ana, da sharaɗin a yi lissafi. A yankin Kano kilowat ɗaya na faranti yakan ba da yunit 4 zuwa 5 a rana, ya ragu a hadarin Agusta da ƙurar hunturu. Yunit 10 na motarka yana son faranti biyar masu wat 550, ƙari a kan na gida. Matsalar ita ce lokacin da rana ke bugawa motar na ofis. In za a tara wutar don dare, sai batirin lithiyom na gida mai yunit 10 ko fiye da inbata mai kVA 5, kuma wani kaso ya sake salwanta wajen zubawa da kwashewa. Dogayen batiran ruwa masu amp-awa 200 guda huɗu, abin da za a iya ɗiba daga cikinsu ba tare da an kashe su ba bai wuce yunit 5 ba. Mota za ta gama da su cikin 'yan watanni. Dabara mafi sauƙi ita ce caji kai tsaye daga rana Asabar da Lahadi, dare kuma a bar wa KEDCO.

Batun kuɗi. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kai farashin rukunin A naira 225 a yunit, daga baya ya ɗan sauko. Rukunin A su ne masu alkawarin awa 20. Kai da awa takwas kana ƙasa da su, kuma yunit ɗinka ya fi araha. Duk da haka mu ɗauki mai tsadar: yunit naira 210, litar fetur naira 900, ka sauya da farashin ranar da kake karantawa. Kilomita 100 a wuta naira 4,200, a fetur lita 9 naira 8,100. A kwana 26 na aiki kana yin kilomita 1,300, rarar wata kusan naira 50,000, ta shekara kimanin 600,000, ban da juyen baƙin mai. Idan sai ka cika miliyan 8 a kan kuɗin Corolla, shekara 13 kafin su dawo. Wanda ke yin kilomita 150 a rana, kamar ɗan tasi, cikin shekara huɗu zuwa biyar zai fanshe. Wannan lissafin ya kamata ya yanke hukunci, ba haushin gidan mai ba.

Wace mota? A nan zafi ne alƙali. Batirin lithiyom ya fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 35, Kano kuwa a Afrilu tana haura 40, kwalta ta fi haka. Tambayar farko ga dillali ita ce da me ake sanyaya batirin. Kona, Tesla, Chevrolet Bolt da sababbin BYD suna da tsarin sanyayawa da ruwa ko da iskar gas ɗin esi. Tsohuwar Nissan Leaf ba ta da shi, iskar waje kawai take dogaro da ita, kuma tun 2012 masu ita a garin Phoenix na Amurka, mai zafi irin namu, suka fara kukan batiri na raguwa da wuri. Tana cikin mafi araha a kasuwa, amma araha ba ta ado. A allonta akwai ƙananan sanduna 12 na lafiyar batiri. Ta farko na ɓacewa idan ya sauka zuwa kashi 85. Leaf mai yunit 24 da ta rage sanduna 8 ba za ta wuce kilomita 80 ba. Ana kuma iya goge ƙwaƙwalwar na'urar sandunan su dawo 12 na wasu makonni, don haka kada ka tsaya a kansu.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na hanya. A cika batiri, a mayar da ma'aunin tafiya sifiri, a yi kilomita 50. A ce allo ya nuna ta sha yunit 16 a kilomita 100, yunit 8 ke nan. Idan batiri ya sauka da kashi 20, duka cikinsa yunit 40 ne. Sai ka kwatanta da abin da take da shi tana sabuwa. Ƙasa da kashi 80 na asali, a rage kuɗi sosai ko a bar ta. Mai na'urar OBD, wadda ake sokawa a mota ta karanto bayanan kwamfutarta, zai iya nuna maka bambancin ƙwayoyin batirin; ƙwaya ɗaya mai rauni ta isa ta sa mota ta mutu alhali allo na cewa saura kashi 15.

Ka bi lambar shasi ma. Kona da aka ƙera tsakanin 2018 da 2020, da Bolt na 2017 zuwa 2022, kamfanoninsu sun kira su don gyara ko sauya batiri saboda haɗarin gobara; ka tabbatar an yi wa taka. Motar gwanjon Amurka da ambaliya ta ci, musamman ruwan teku, ko kyauta aka ba ka kada ka kwana da ita a gida, domin gishiri na cin cikin batiri a hankali. Garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 da yawancin kamfanoni ke bayarwa kuwa, galibi ba ya biyo motar da aka shigo da ita ta hannun 'yan kasuwa.

Bakin caji kala-kala ne. Na Amurka da Japan Type 1, na Turai Type 2 da CCS2, na motocin kasuwar Chaina GB/T, tsohuwar Leaf na da CHAdeMO don caji mai sauri, Tesla ta Amurka na da nata. GB/T ya yi kama da Type 2 a ido amma ba ya shiga sai da mahaɗi. A gida wannan ba matsala, kebul ɗinka kake amfani da shi. A wajen caji na kuɗi ne za ka gane. Motar kasuwar Chaina kuma kan zo da allo cikin yarensu, da manhajar waya da ba ta aiki sai da lambar can. Nisan da aka rubuta mata ma na gwajin Chaina ne da ake kira CLTC, mai yawan kyautata zato: Atto 3 mai yunit 60 an ba ta kilomita 510 a Chaina, 420 a Turai. Raba 60 da 17, za ka ga 350 ne naka.

Kula da batiri ya danganta da nau'insa. Idan NMC ne, kamar na Kona, ka saita ya tsaya a kashi 80, kada ya riƙa sauka ƙasa da 20, a cika 100 sai ranar tafiya. Babu abin da ke tsufar da shi kamar a cika shi fal a bar shi a rana. Idan LFP ne, kamar na BYD, ya fi jure zafi da cikawa, har ma ana so a kai shi 100 kamar sau ɗaya a mako, don na'ura ta daidaita lissafin kaso. Rumfa a gida da inuwa a ofis suna ƙara wa kowannensu kwana. Ka kunna esi minti biyar kafin ka cire kebul da safe, sanyin farko ya fito daga bango.

Cunkoso ba ya cin motar lantarki yadda yake cin ta fetur. Awa ɗaya a tsaye da esi yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi ne, kilomita 6 zuwa 9. Ɗaga ƙafa daga totur kuma na mayar da wuta cikin batiri yana rage gudu, shi ya sa birki ke daɗewa. Sai dai idan batiri ya cika 100 wannan riƙon yakan ragu, motar ta sulale fiye da yadda ƙafarka ta saba. Sannan ba ta da ƙara. A lungu, yaro ko akuya ba za su ji tahowarka ba, don haka kada a kashe ƙarar gargaɗin da take yi a ƙaramin gudu.

Babu baƙin mai, babu fulogi, babu salansa. Abin da ya rage: taya, wadda nauyin batiri da fizgar totur ke cinyewa da wuri, a riƙa juya su duk kilomita 10,000, man birki duk shekara biyu, matatar iskar esi, wadda hunturu ke toshewa, ruwan sanyaya batiri, wanda a wasu motoci na musamman ne, ba a zuba masa na lagireto ko na famfo. Abin da ya fi tsayar da waɗannan motoci shi ne ƙaramin batirin nan mai bolt 12. Shi ke tayar da kwamfuta, ita kuma ta haɗa babban. Ya mutu, mota ba za ta motsa ba ko babban na da kashi 70. A zafinmu a sauya shi bayan shekara biyu zuwa uku. Duk waya mai ruwan lemo tana ɗauke da ɗaruruwan bolt, ba ta riwayan bakin titi ba ce. In ta lalace a hanya a ɗora ta a babbar mota, kada a ja ta da igiya, domin juyawar taya na sa injin ya haifar da wutar da za ta iya ƙona na'urori.

Batirin a ƙarƙashin mota yake shimfiɗe. Tesla Model 3 santimita 14 ce tsakaninta da ƙasa, Atto 3 kusan 17 da rabi. Ka tuna tudun rage gudu da ramukan layinku. Ruwan sama da caji a cikinsa ba matsala, amma ruwan da ya kai tsakiyar taya a juya. Bayan duk wani bugu mai ƙarfi daga ƙasa a ɗaga ta a duba.

Doguwar tafiya ce raunin. A gudun 110 zuwa 120 iska ke cin wuta, sha ya koma yunit 20 zuwa 22. Batiri mai yunit 60 zai yi kilomita 270 zuwa 300, in ka bar kashi 15 na ko-ta-kwana ya zama 230 zuwa 250. Zariya, kimanin kilomita 150, za ka isa da sauƙi, amma ba za ka dawo ba sai ka yi caji. Kaduna kusan 230 ce, a bakin iyaka. Sai ka riƙe 90 zuwa 100 kuma ka san soket ɗin da za ka kwana a kai, inda kebul na amp 10 zai ɗauki fiye da yini guda kafin ya cika ta. Abuja ta haura 400, dole a tsaya a hanya. Wuraren caji mai sauri sun fi yawa a Legas da Abuja, a Arewa kaɗan ne, don haka a kira a tabbatar yana aiki kuma bakinsa irin na motarka ne kafin a bar gida. Idan kana irin wannan tafiyar fiye da sau ɗaya a wata kuma mota ɗaya za ka riƙe, duba mai haɗa batiri da inji wadda ake cajinta a bango: kilomita 40 zuwa 80 na farko a wuta, sauran a fetur, sai dai juyen mai da fulogi suna nan yadda ka san su.